Makin Altmetric ya isa shaidar cewa binciken lafiya ya kai ga jama'a?

Sakatariyar_Bincike:
Assalamu alaikum 'yan zaure. Tambayata ga masu aiki da alƙaluman mujallu ce. Yanzu mujallu da yawa, in ka buɗe maƙalar kiwon lafiyar al'umma a shafinsu, za ka ga wani zobe mai launuka a gefe da lamba a tsakiyarsa. Wasu sassan bincike sun fara kwashe lambar nan suna sakawa a rahoton shekara, wai shaida ce cewa aikinsu ya kai ga jama'a. A ce wata maƙala ta sami 400, wata kuma 9. Za a iya cewa ta farko ta fi amfani? In ba za a iya ba, ta wace hanya ake auna yadda jaridu da kafofin sada zumunta suka ɗauki bincike? Don Allah mataki-mataki nake so, irin wanda za a iya zama a yi.

MalaminLaburare:
Wa alaikumus salam Malama. Sai an san abin da ke cikin lambar kafin a yanke mata hukunci. Zoben na kamfanin Altmetric ne, wanda Euan Adie ya kafa a Landan a 2011. Kowane launi yana nuna inda aka ambaci maƙalar: ja na kafofin labarai, rawaya na shafukan bulog, shuɗi mai haske na X (wanda a da ake kira Twitter), shuɗi mai duhu na Facebook, shunayya na takardun manufofi.

Lambar kuwa ba jimillar ambato ba ce, kowane wuri da nauyinsa. Labarin jarida 8, bulog 5, takardar manufa 3, Wikipedia 3, X da Facebook da Reddit da YouTube kowanne 0.25. Masu ajiye maƙala a Mendeley, manhajar adana manazarta, da masanan da suka kafa hujja da ita a rubuce-rubucensu ana nuna adadinsu, amma ba sa ƙara ko maki ɗaya.

Ga lissafi. A ce jaridu 10 sun ɗauka, 80 ke nan. Bulog 2, 10. Mutum 200 a X, 50. Takardar manufa ɗaya, 3. Jimilla 143. Kin ga fiye da rabin makin daga jaridu ya fito. Ba zai zo daidai cif ba, domin ana ƙara wa babbar jarida nauyi a kan ƙarama, ana kuma rage wa asusun da kullum mujalla ɗaya yake tallatawa.

DaktaAnnoba:
A tsaya a kan wannan 3 ɗin na takardar manufa. Idan Hukumar Lafiya ta Duniya ta kafa hujja da bincikenka a cikin ƙa'idar magani da ƙasashe za su bi, maki 3 ka samu. Mutum 12 su wallafa mahaɗar maƙalar a X, ko ba su buɗe ta ba, su ma 3. Wannan kaɗai ya amsa tambayar farko. Mai maki 9 tana iya zama wadda ta canza yadda ake ba yara magani, mai 400 kuma ta zama wadda aka yi kwana biyu ana musu a kanta aka watse.

Dalibin_Digiri:
Malam, ni na karanta cewa X maki 1 ne, ba 0.25 ba.

MalaminLaburare:
Abin da ka karanta daidai ne a lokacinsa. Da 1 ne, daga baya aka sauke shi. Shi ya sa duk mai rubuta rahoto ya rubuta ranar da ya kwashi alƙaluman, ya kuma adana jadawalin nauyin da ake amfani da shi a ranar. Makin ma yana iya sauka, in an goge wallafa ko an gano asusun bogi an cire shi.

EditanMujalla:
Ni dai ba na son a yi watsi da shi gaba ɗaya. Kamfanin da kansa bai ce yana auna inganci ba, hankalin da aka mayar kan maƙala ya ce yana aunawa. Kuma yana da amfanin da ƙidayar kafa hujja ba ta da shi, wato sauri. Kafin masana su fara kafa hujja da maƙala sosai sai a yi shekara biyu zuwa uku, alhali ambato a jaridu da X yana fitowa cikin kwanaki. A lokacin annoba, edita yana buƙatar sanin wace maƙala ce ta fita hannun masana ta shiga bakin jama'a yau, domin in ana juya ma'anarta a fitar da ƙarin bayani kafin ta yi nisa. Laifin yana wurin mai ɗaukar lambar ya kira ta da sunan da ba nata ba.

Injiniyan_Bayanai:
Bari in yi bayanin yadda na'urar ke gane ambato, domin a nan yawancin ɓarnar take.

Dole maƙala ta kasance da lambar shaida ta dindindin, kamar DOI ko PMID na PubMed, rumbun maƙalolin likitanci. Sai kuma wanda ya yi magana a kanta ya saka mahaɗar da ke kaiwa shafinta, a wurin da kamfanin ke bibiya. In ɗaya cikin waɗannan ya faɗi, ambaton ya ɓata. Ga wuraren da yake faɗuwa:

Mutum ya ɗauki hoton jadawalin maƙalar ya wallafa ba mahaɗa. Ko mutum dubu sun yaɗa hoton, sifili ne.

Ɗan jarida ya rubuta "wani sabon bincike ya nuna" bai saka mahaɗa ba, bai faɗi sunan mujalla ko marubuci ba. Altmetric yana ƙoƙarin tsinto sunan mujalla da na marubuci daga cikin labari ya haɗa su da maƙala, amma in ba a faɗe su ba babu abin tsinta.

An saka mahaɗar sanarwar manema labarai ta jami'a maimakon ta maƙalar.

An ɗora fayil ɗin PDF a wani shafi daban ana yaɗa shi daga can.

Rahoton hukuma ko na ƙungiya da aka ɗora a intanet ba DOI. Wannan ya fi shafar lafiyar al'umma, domin da yawan aikin fannin rahoto ne, ba maƙalar mujalla ba.

Sai Facebook: shafukan da ke buɗe ga kowa kaɗai ake gani, su ma waɗanda ke cikin jerin kamfanin. Abin da mutum ya rubuta wa abokansa ba ya shiga.

Wakiliyar_Lafiya:
Injiniya ka manta babba. Rediyo da talabijin. Shirin lafiya na minti talatin da miliyoyi suka saurara, in tashar ba ta rubuta labarin a shafinta da mahaɗa ba, kamar ba a yi ba. Haka WhatsApp, saƙonninsa a rufe suke, babu mai ƙirga su daga waje. Kuma jerin jaridun da ake bibiya ya fi karkata ga na Turanci da na ƙasashe masu arziki. Sakamakon haka binciken da ya shafi cutar talakawa, wanda aka yi bayaninsa da harshen mutanen da abin ya shafa, yakan fito da maki kaɗan ko da ya isa inda ake so ya isa.

Injiniyan_Bayanai:
Gaskiya ne Hajiya, na karɓi gyara. Ana iya tura wa kamfanin sunan jaridar da ba ta cikin jerinsu a nemi su ƙara ta, ana kuma iya kai rahoton ambaton da ya kuɓuce musu. Amma rediyo sai dai a rubuta da hannu: sunan tasha, rana, sunan shiri, tsawon minti, harshe, da wanda ya yi magana.

Baba_Farfesa:
Ku bar ni in kawo tsohon zance, domin tambayar ta girmi intanet. A 1991 Phillips da abokan aikinsa sun buga wani bincike a New England Journal of Medicine. Sun duba maƙalolin mujallar da jaridar New York Times ta ba da labarinsu, suka ga a shekarar farko masana sun kafa hujja da su fiye da takwarorinsu da kashi 72.8 cikin ɗari. To sai a ce ai jaridar masu kyau ta zaɓa tun farko. A nan dabarar take. A 1978 an yi yajin aiki na kusan wata uku, jaridar ta ci gaba da shirya bugu don ajiya amma ba a rarraba shi ba. Maƙalolin da aka zaɓa a wannan lokaci ba su sami wancan ƙari ba. Ma'ana fitowa a jarida ita kanta tana jawo hankalin masana, ba ingancin maƙala kaɗai ba.

Abin da nake so matasa su ɗauka shi ne, hankalin jama'a da na masana suna shafar juna. Kada ka ga suna tafiya tare ka ce ɗaya ya tabbatar da ɗaya.

Mai_Kididdiga:
Ranka ya daɗe, a zamanin kafofin sada zumunta ma an gwada, sakamakon bai zo iri ɗaya ba. Eysenbach a 2011 ya duba maƙalolin mujallarsa ta JMIR, ya ce waɗanda aka fi yaɗawa a Twitter a kwanakin farko sun ninka sauran sau 11 wajen yiwuwar shiga sahun waɗanda aka fi kafa hujja da su. Amma mujalla ɗaya ce, kuma masu karanta ta mutanen intanet ne tun asali. Da Haustein da abokan aikinta suka duba maƙaloli kusan miliyan 1.4 na PubMed daga 2010 zuwa 2012, ƙasa da kashi 10 cikin ɗari ne aka taɓa ambata a Twitter, kuma dangantakar ambaton da kafa hujja mai rauni ce. Mujallar Circulation kuma ta yi gwaji na ƙuri'a da maƙaloli 243: rabi aka tallata a kafofin sada zumunta, rabi aka bari. Bayan kwana 30 babu bambancin a zo a gani a yawan masu buɗe shafin.

Dalibin_Digiri:
To ashe tallatawar ba ta da amfani ke nan?

Mai_Kididdiga:
Ban ce haka ba. Gwajin abu ɗaya ya auna, a mujalla ɗaya, cikin wata ɗaya. Bai auna ko ma'aikaciyar jinya ta ga bayanin ta gyara aikinta ba. Abin da ya hana mu shi ne mu riƙa cewa yawan yaɗawa yana haifar da yawan karantawa ba tare da mun duba ba.

DaktaAnnoba:
Akwai abin da ya fi damuna a fanninmu. Na'urar ba ta bambanta yabo da suka, balle gaskiya da ƙarya. Maƙalar Wakefield ta 1998 a Lancet, wadda aka gina kan yara 12 ta jefa shakku kan rigakafin ƙyanda, an janye ta a 2010, amma har yau ana yaɗa ta, kuma duk ambaton da na'urar ta kama, na mai yarda da na mai ƙaryatawa, maki ne. Maƙalar maganin hydroxychloroquine kan korona da aka gina kan bayanan kamfanin Surgisphere ta fito a Lancet ranar 22 ga Mayu 2020, cikin kwanaki Hukumar Lafiya ta Duniya ta dakatar da sashen wannan magani a gwajinta na magungunan korona mai suna Solidarity na ɗan lokaci, aka janye maƙalar ranar 4 ga Yuni. Ta sami ambato a fitowarta, ta sake samu a janye ta. Wanda ya jera maƙaloli bisa maki zai same ta a sama.

Ko maƙalar da ba a janye ba ana iya juya ta. Bitar Cochrane, ƙungiyar da ke tattara binciken lafiya ta tantance shi, ta Janairu 2023 kan hanyoyin kariya daga cututtukan numfashi, aka yi ta yaɗa cewa ta tabbatar takunkumin rufe baki da hanci ba ya aiki. Sai da babbar editar Cochrane a lokacin, Karla Soares-Weiser, ta fito a watan Maris ta ce wannan fassara ba daidai ba ce, abin da bitar ta samu shi ne shaidar ba ta kai a yanke hukunci ba. Makin ya hau, amma saƙon da ya isa wurin mutane da yawa ba shi ne na maƙalar ba.

Don haka kafin komai, a duba jerin maƙalolin a kundin Retraction Watch na maƙalolin da aka janye, wanda Crossref, mai rajistar DOI, ya karɓa a 2023 ya buɗe kyauta.

Sakatariyar_Bincike:
Na gode ƙwarai, na gamsu cewa lambar ita kaɗai ba ta isa ba. Amma har yanzu rahoton sai an rubuta shi. Me za a saka a ciki?

Mai_Kididdiga:
Malama ga yadda ake yi.

Na farko, ki rubuta tambayar a jimla ɗaya kafin ki taɓa kwamfuta. "Wa ya ji labarin binciken?" daban, "An faɗi sakamakon daidai?" daban, "Ya shiga manufa?" daban. Kowacce da abin aunata.

Na biyu, jerin maƙaloli. Jadawali ɗaya a Excel: DOI, PMID, sunan mujalla, ranar da ta fara fitowa a intanet, nau'in maƙala, ko a buɗe take kyauta, ko an yi mata sanarwar manema labarai. Ki lura da ranar fitowa a intanet, ba ranar bugun mujalla ba, domin tsakaninsu kan kai watanni kuma ambaton da ranar farko yake farawa. Ki raba sharhin edita da wasiƙa daga bincike na asali, don sharhi kan jawo magana fiye da kima.

Na uku, tsayar da wa'adi ɗaya ga kowa. Yawancin ambaton jaridu da X yana zuwa a makon farko zuwa na biyu, sannan ya lafa. Takardun manufa kuwa sai bayan shekaru. Saboda haka ki ƙirga na jaridu da kafofin sada zumunta a kwana 30 da kwana 90 daga fitowa, na manufa kuma ki duba maƙalolin da suka yi aƙalla shekara uku zuwa biyar.

Na huɗu, ki kwashi duk alƙaluman a rana ɗaya, ki ajiye fayil ɗin yadda ya zo, ki yi aiki a kan kwafi.

Na biyar, kada ki ba da jimillar maki. Ki ba da kowane wuri daban: jaridu nawa, mutum nawa a X, takardun manufa nawa daga hukumomi nawa.

Na shida, kada ki yi amfani da matsakaici na raba jimilla. A ce maƙaloli biyar sun sami 0, 1, 2, 4 da 600. Matsakaicinsu ya haura 121, alhali huɗu cikin biyar ba su wuce 4 ba. Adadin tsakiya, wato 2, shi ne ya faɗi gaskiya. Ki ba da shi tare da kason maƙalolin da ba su sami ambato ko ɗaya ba. In za a duba dangantaka da kafa hujja, ma'aunin dangantaka na Spearman ake amfani da shi, ba na Pearson ba, saboda wannan karkata.

MalaminLaburare:
Ƙari kan na uku. A shafin bayanan kowace maƙala Altmetric yana nuna matsayinta tsakanin sa'o'inta, wato waɗanda suka fito cikin mako shida kafinta ko bayanta, da kuma tsakanin na mujalla ɗaya. Wannan ya fi ɗanyen maki ma'ana. Maki 20 a ƙaramar mujallar cututtukan wurare masu zafi yana iya zama na sahun gaba, a Lancet kuma ba komai ba ne.

Injiniyan_Bayanai:
Sai matsalar daftarin farko. Tun da aka buɗe medRxiv a 2019, musamman lokacin korona, bincike kan fito a can kafin masana su tantance shi, da DOI nasa. In ya fito a mujalla sai ya sami wani DOI. Ambaton ya rabu biyu, kuma sau da yawa daftarin ne ya kwashi mafi yawa. Ki saka ginshiƙi biyu a jadawalin, ki nuna su a rabe. Kada ki haɗa su kai tsaye, domin wani lokaci sakamakon ya canza tsakanin daftari da bugu na ƙarshe, kuma abin da jama'a suka ji na daftarin ne.

Wakiliyar_Lafiya:
Batun jaridu ma akwai tarko. In aka ce kafofi 80 sun ɗauki labari, ki buɗe su. Sau da yawa labari ɗaya ne na kamfanin dillancin labarai kamar Reuters ko AP, ko sanarwar jami'a daga EurekAlert, aka kwafa kalma da kalma. Ki raba su gida biyu: kwafi, da labarin da ɗan jarida ya zauna ya rubuta, ya nemi masanin da ba ya cikin binciken ya ji ta bakinsa. Kwafin ma yaɗuwa ne, ba a jefar da shi, amma 80 ɗin na iya komawa labarai uku na asali.

Kuma kada a ɗora wa 'yan jarida laifin ƙarin gishiri su kaɗai. Sumner da abokan aikinsa sun duba sanarwa 462 daga jami'o'i 20 na Birtaniya, suka buga a BMJ a 2014. Kashi 40 cikin ɗari sun ba da shawarar da ta wuce abin da maƙalar ta faɗa, kashi 33 sun mai da alaƙa ta zama sanadi, kashi 36 sun ɗauki sakamakon dabbobi sun ɗora wa mutane. Inda sanarwar ta yi ƙari, labaran ma mafi yawa sun yi. Gishirin tun daga ofishin jami'a ake zuba shi.

DaktaAnnoba:
Wannan ya kawo mu matakin da ya fi duka, kuma shi ne aka fi gudu saboda wahala: karanta ambaton. Ba sai duka ba. A ɗebi samfuri ta hanyar ƙuri'a, a ce 100 daga X, da duk labaran asali. A tsara takardar tantancewa mai tambayoyi kaɗan. Wa ya yi maganar: marubucin da kansa, mujallar, masani, ma'aikacin lafiya, ɗan jarida, hukuma, wani daga jama'a, ko asusun na'ura? Me ya yi: taken kawai ya kwafa, ya yi bayani, ya yaba, ya soka? Ya faɗi sakamakon daidai, ya yi ƙari, ko ya juya shi? Ya ambaci iyakar binciken?

Mutum biyu su tantance kowa shi kaɗai. Su fara da guda 20 na gwaji, su zauna su daidaita inda suka saɓa, sannan su yi sauran. A lissafa kappa na Cohen don a ga yawan yardarsu. In ya yi ƙasa da 0.6, takardar ce ba ta fito fili ba, a gyara ma'anar rukunan a sake. Yawanci rukunin "ƙari" ne ke kawo saɓani, don haka a rubuta masa misalai tun farko: maƙala ta ce "yana da alaƙa da", labari ya ce "yana haddasa".

Wanda ya yi wannan aiki yakan tarar kaso mai yawa na X take ne da mahaɗa kawai, daga marubuta da abokan aikinsu da asusun da ke wallafa duk sabuwar maƙala kai tsaye. Masana ne ke magana da masana, sai a rubuta a rahoto cewa an kai ga jama'a.

EditanMujalla:
Dakta, a nan ina da ja. Masana da ma'aikatan lafiya su ma masu sauraro ne da ake nema. In likitocin yara 50 suka tattauna maƙala kan maganin gudawa, ya fi mini mutum 5,000 da suka danna suka wuce. Abin da ake buƙata shi ne a faɗi ko su wane ne, ba a raina su ba.

DaktaAnnoba:
Na yarda, muddin an kira su da sunansu a rahoton.

Hajiya_Manufa:
Tun ɗazu ana ta X, alhali ga mai aikin lafiyar al'umma takardun manufa ne kan gaba. Overton, wanda shi ma Euan Adie ya kafa bayan ya bar Altmetric, aikinsa ke nan: tattara takardun gwamnatoci da hukumomi da nuna binciken da suka kafa hujja da shi. A duba shi, a duba Altmetric, domin ba lallai su ba da abu ɗaya ba. Sannan a buɗe takardar a ga inda aka ambaci maƙalar. Akwai bambanci tsakanin a saka ta a gabatarwa cikin jerin maƙaloli goma, da a ce ita ce hujjar shawarar da aka bayar. Kuma ma'aikatu da yawa ba sa saka manazarta a takardunsu, wasu takardun ma hoton takarda ne da na'ura ba ta iya karantawa. A irin wannan sai a nemi wasiƙa daga hukumar, ko bayanan zaman kwamiti. Tsarin REF na tantance binciken jami'o'in Birtaniya, inda tasiri ya ɗauki kashi 20 cikin ɗari a 2014 da kashi 25 a 2021, bayani a rubuce yake nema tare da shaidar abin da ya canza, ba maki ba.

Dalibin_Digiri:
PlumX fa? A Scopus, rumbun neman maƙaloli, nake ganinsa.

MalaminLaburare:
Shi ma ma'aunin ambato ne irin Altmetric, na kamfanin Elsevier tun 2017. Ba ya ba da maki ɗaya, rukuni biyar yake nunawa: kafa hujja, amfani, ajiya, ambato, da kafofin sada zumunta. Amma ya daina nuna alƙaluman X a 2023, bayan kamfanin X ya rufe hanyar kwasar bayanai ta kyauta. Kada ka haɗa alƙaluman PlumX da na Altmetric a jadawali ɗaya kamar abu ɗaya suke ƙirgawa.

Injiniyan_Bayanai:
Wannan batu na 2023 ya shafi duk mai kwatanta shekaru. Masana da yawa sun bar X sun koma Bluesky da Mastodon da LinkedIn. Altmetric ya ƙara Bluesky daga baya, amma akwai tazara. Meta kuma ta rufe CrowdTangle a Agustan 2024, wanda da shi masu bincike ke bibiyar Facebook. Saboda haka in makin sashenku na 2024 ya yi ƙasa da na 2021, ba lallai aikin ne ya ja baya ba. Ma'aunin ya canza, ga kuma korona da ta kumbura alƙaluman 2020 da 2021 fiye da kowane lokaci. A cire maƙalolin korona a nuna su daban.

Baba_Farfesa:
Gargaɗi ɗaya gare ku masu shugabanci. Kada a saka makin nan cikin sharuɗɗan ƙarin girma. Ranar da aka yi haka, ranar za a fara sayen masu yaɗawa da zafafa taken maƙala, kuma mai binciken tsutsar ciki ko tsaftar ruwa zai ga kamar an hukunta shi don bai zaɓi abin da ke tashe ba. Sanarwar DORA ta 2012 da ƙa'idoji goma na Leiden na 2015 duk sun yi wannan jan kunne: alƙaluma su taimaka wa hukuncin masana, kada su maye gurbinsa.

EditanMujalla:
Ranka ya daɗe, ban ƙi ba. Sai dai matashin da ya ba da lokacinsa yana yi wa jama'a bayanin bincike a rediyo da jarida, shi ma ya kamata a sami inda za a rubuta masa. In an hana maki, a ba shi shafi ɗaya ya kawo shaidarsa.

Sakatariyar_Bincike:
Tambaya ta ƙarshe. In sashe ba shi da kuɗin biyan Altmetric Explorer ko Overton fa?

Injiniyan_Bayanai:
Ana iya yi, sai dai a hankali. Danna zoben a shafin mujalla kyauta ne, yana nuna adadin kowane wuri da wasu daga cikin ambaton. Akwai kuma ƙaramin maɓallin Altmetric da ake sakawa a burauza, wanda ke nuna bayanan duk maƙalar da ke da DOI. Shafukan PLOS da wasu mujallu suna nuna yawan masu buɗewa da masu saukewa. Don jaridu, a nemi taken maƙala da sunan marubuci na farko da sunan mujalla a Google News da Media Cloud, a kuma nema da kowane harshe da ake sa ran an yi labarin da shi. In maƙalolin ba su wuce 50 ba, mutum biyu za su iya kwashe adadin da hannu. Su yi shi a rana ɗaya, su ɗauki hoton kowane shafi da kwanan wata a jiki, domin in aka koma bayan wata uku lambobin sun motsa.

Mai_Kididdiga:
A kuma buɗe jadawalin rediyo da talabijin da Injiniya ya ce a rubuta da hannu, tun ranar da maƙala ta fito. In aka bari sai ƙarshen shekara, ba mai tuna tasha ko rana.